Shanya a Kango

Tsinke bai taso ba da na tura ƙyauren kangon. Kullum kafin in zare sakata yana bakin ƙofa yana kaɗa jela. Ran nan yana kwance a gindin katangar da ta zube, ƙafafunsa na baya suna fizga kamar ana jan su da zare. Yawu ya jiƙa ƙasar da ke ƙarƙashin bakinsa. Kusa da kansa ga faifai a kife, ga wasu ƙananan dunƙule masu launin ƙasa a warwatse, wasu an gatsa, wasu an tattake.

Na san faifan. Na Inna ne, mai jan baki. Na san dunƙulen ma. Ƙamshin ƙuli-ƙuli suke yi, amma ba ƙuli-ƙuli ba ne.

Na durƙusa. Ya buɗe ido ya dube ni. Ƙwayar idon ta tsuke, ta koma kamar kan allura.

"Inna!"

Ta leƙo ta ƙofar da ta haɗa gidanmu da kangon, hannunta da kumfar sabulu. Ta ga faifan kafin ta ga karen.

"Innalillahi. Wa ya kwance shi?"

"Ni. Sarƙar ta ci masa wuya. Wa ya kawo shanya nan?"

Ta goge hannu a zani, ta sake gogewa.

*

Tsinke karen yayana Hashim ne. Hashim ɗan farauta ne, motarsu ta kife a hanyar dawowa daga daji shekara biyu da rabi da suka wuce. Ya bar jaririya da kare. Jaririyar, Nusaiba, uwarta ta yaye ta, ta miƙa wa Inna, ta yi aure a Koki. Karen babu wanda ya ce yana so, sai ni.

Gwaggo 'Yardada, yayar mahaifinmu, ita ta yanke hukunci tun ranar sadakar uku. Gidan da ke da kare mala'ikun rahama ba sa shiga, saboda haka ba a gidan ƙaninta ba, ko yana kabari. Sai aka kai shi kangon da ke jikin gidanmu, tsohon gidan kakanni da damina ta cinye rabinsa. Can nake kai masa ƙanzo da ƙashi. Tun da na gama sakandare ban samu abin yi ba, can nake wuni. Ba ya tambayata sakamakon jarrabawa.

Ita kuma Inna, tun rasuwar Baba, aikin Alhaji Mamman take yi. Yana aiko mata da baƙin tsaki a gwangwani, ta cuɗa shi da tunkuza, ta mulmula ƙanana, ta shanya, ta ƙulla a leda. 'Yan talla su zo su kwasa, su bi unguwanni suna kiran maganin ɓera. Da shi muke cin tuwo. A kan soro take shanya, inda yaro ba ya kaiwa. Makon jiya ruwan sama ya karya azara biyu, soron ya lotsa, hawa ya gagara. Sai ta nemi wani wurin da Nusaiba ba ta shiga. Ta aza faifan a kan guntuwar katanga, ta auna da ido ta ga sarƙa ba za ta kai ba.

Ba ta gaya mini ba. Ni ma ban gaya mata na cire sarƙar ba. A gidanmu ba a cika magana kan kangon ba.

*

Gwaggo ta fito tana dogara sanda, ta tsaya daga bakin ƙofa, ta tattare zaninta.

"Kai Maliki, tashi daga nan! Dubi yawu har gwiwar wandonka. Da shi za ka yi azahar?"

"Gwaggo, mutuwa zai yi."

"To wa zai dawwama? Wanda ya kawo shi ma yana ina?"

Inna ta juya ta koma ciki. Ko sunan Hashim ba ta taɓa kamawa ba yana raye, ɗan fari ne. Bayan ya mutu ma "yayanka" take cewa, shi ma ba kullum ba.

Na sungumi Tsinke na fita lungu. Ya fi yadda nake zato nauyi. A bakin titi na tsayar da adaidaita uku. Na farko ya rage gudu, ya ga abin da na riƙe, ya wuce. Na biyu ya ce kujerarsa mata masu zuwa Islamiyya ke zama a kai. Na uku dariya ya yi.

Ilu mai ruwa yana sauke jarkoki a ƙofar wani gida. Na roƙe shi kurarsa.

"Haba Maliki. Ka rufa mini asiri. In aka ga kare a kurar nan, wa zai ƙara sayen ruwana a Mandawari? Ruwan alwala fa nake kaiwa."

Gaskiyarsa ce. Ita ta fi ba ni haushi.

Na ajiye karen a inuwar wata bishiyar darbejiya, na kira Mailafiya a waya. Abokin Hashim ne, tare suke farauta, yanzu itace yake sayarwa wajen Ƙofar Kabuga. Kafin minti goma sai ga shi a kan babur, da kwalbar manja a aljihun riga.

"Buɗe bakinsa," ya ce. "Riƙe haƙarƙarin. Haka muke yi a daji in sun ci mushe mai dafi."

Ya ɗura masa rabin kwalba. Tsinke ya shaƙe, ya yi tari, manja ya fito ta hanci. Muka naɗe shi a buhu, na hau baya na rungume shi. Ina jin zuciyarsa a cikina, tana bugu tana tsayawa, tana bugu tana tsayawa.

*

A asibitin dabbobi mutane na zaune a benci da tumaki da awaki. Da suka gan mu suka dare, kowa ya ja igiyarsa. Wani dattijo mai riƙe da rago ya ce, "Ikon Allah. Kare ma da kati? Ni shekara uku ina ciwon baya ban ga likita ba."

Likitar mace ce, gajera, da tabarau, Dokta Ruƙayya. Ba ta ja da baya ba. Ta ce a ɗora shi a tebur. Ta ɗaga fatar idonsa, ta taɓa dasashinsa, ta shinshina yatsanta.

"Wa ya ba shi manja?"

Mailafiya ya sosa ƙeya.

"Malam, don Allah ku daina. Wata gubar mai ne yake ƙara tura ta cikin jiki. Ga shi kuma ya shaƙa a huhu." Ta juyo kaina. "Me ya ci?"

"Maganin ɓera."

"Wanne?"

"Na ɓera dai."

"Sun fi kala goma. Wani jini yake tsinkawa, wani jijiya yake kamawa, wani a ciki yake tayar da iska mai kisa. Allurar wannan ba ta wancan ba ce." Tana magana tana zuƙo magani a sirinji. "Wannan zan yi masa saboda alamun da nake gani. Akwai ta biyu. In irin da nake zato ne, za ta taimake shi. In ɗan'uwansa ne mai kama da shi, ba ta da amfani, tana iya ƙara masa wahala. Kawo mini suna. Kwali, gwangwani, takarda, ko hoto a waya. Yanzu."

Na ciro dunƙule ɗaya daga aljihuna na miƙa mata. Ta karɓa da audiga, ta fasa, ta dubi baƙin tsakin da ke ciki.

"Wannan ba suna ba ne," ta ce. "A ina aka saya?"

Na ce na san wurin.

*

Shagon Alhaji Mamman yana can cikin kasuwa, a wani lungu da rana ba ta shiga. Mailafiya ya tsaya da babur a bakin hanya, ni na kutsa. Tun daga nesa warin yake kama maƙogwaro. Na same shi a kan tabarma yana cin gurasa da yaji, buhuna uku a jingine a bayansa, ɗaya a buɗe da gwangwanin awo a ciki.

"A'a, ɗan Nana Hauwa! Bismillah. Yaya mahaifiyar taka? Kayan sun bushe?"

Na gaishe shi a tsaye. Na gaya masa abin da ya faru. Ya saurara yana tauna.

"Ayya. Allah Ya kyauta. To ai ka ga shaida, kayana ba na wasa ba ne."

"Alhaji, sunan maganin likita take so."

"Suna? 'Yan talla Ba-ka-kwana suke ce masa."

"Na ainihi. Wanda aka rubuta."

Ya nuna buhun da haɓa. "Duba da kanka. Kai ne ɗan boko."

Na zagaya. Farin buhu ne mai kauri. A tsakiyarsa, inda rubutu ya kamata ya kasance, an yanke da reza, murabba'i tsaf, an liƙe ramin da baƙar leda daga ciki. Na juya na biyu. Haka. Na uku ma haka. A ƙasan ɗaya an bar rabin hoton ƙoƙon kan mutum, reza ta tafi da idonsa ɗaya.

"Wa ya yanke?"

"Haka ake kawo mini. Wanda yake kawo mini ma haka ake kawo masa. In da rubutu a jiki, ba ya wuce shingen hanya." Ya karkaɗe hannu, ya ɗauki wata gurasar. "Wai na gona ne asali. Wai. Ni ban taɓa noma ba."

"A kira shi a tambaye shi."

"A ce masa me? Wani yaro yana neman suna zai kai wa ma'aikaciyar gwamnati?" Muryarsa ta sauka. Ba faɗa yake yi ba. "Zauna, Abdulmalik. Shekara nawa mahaifiyarka tana aikin nan? Ka taɓa jin wani abu? Ka san mata nawa ne suke aiko mini a ba su? Na zaɓe ta saboda mahaifinka mutumin kirki ne. Kada ka je ka tayar da abin da zai rufe shagon nan saboda kare. Kare fa."

"Na Hashim ne."

Ya san Hashim.

"Allah Ya ji ƙansa," ya ce. "Wallahi da na sani da na gaya maka. Ban sani ba."

Na yarda da shi. Yatsun da yake tsoma gurasa a yaji da su, bakin farcensu baƙi ne, irin na Inna.

Na ciro waya na ɗauki hoton ramin. Bai hana ni ba.

*

Dokta Ruƙayya ta daɗe tana kallon hoton. Ta buɗe shi da yatsu biyu, kamar rubutun zai fito daga bayan ledar.

"Na uku ke nan a watan nan," ta ce. "Biyun akuyoyi ne." Ta miƙo mini wayar. "Ba zan yi ta biyun ba. Za mu ci gaba da ta farko, da ƙarin ruwa. Saura na Allah."

Tsinke yana kwance, an ɗaure masa robar ruwa a ƙafar gaba. Yawun ya ragu. Fizgar ba ta daina ba. Na zauna a ƙasa kusa da teburin. Mailafiya ya fita salla, ya dawo, ya ce in je. Na ce wandona. Ya ce in je dai, Allah Ya san abin da ya taɓa shi. Na wanke gwiwar a famfo na yi.

Da na dawo likitar tana wanke hannu. Ba ta dube ni ba ta ce, "Wa yake mulmula su?"

"Wata maƙwabciyarmu."

"Da hannu?"

"Da hannu."

"Tana ciwon kai ranar da ta yi aikin? Gumi, tashin zuciya, gani dishi-dishi?"

Na tuna Inna kwance a tabarma da la'asar, ta ɗaure kai da ɗankwali tamau, tana cewa rana ce. Na tuna yadda take kasa zura zare a allura a irin ranakun, ta miƙo mini. Ni ma rana na ɗauka.

"Ban sani ba," na ce.

"Ta fata yake shiga. Ka gaya wa maƙwabciyar taku." Ta ɗan tsaya a kan kalmar. "In akwai yara a gidan, ɗaya daga cikin dunƙulen nan ya isa. Yaro bai kai karen nan ƙarfi ba."

Bayan la'asar fizgar ta tsaya. Na ɗauka ƙarshe ne, na miƙe. Sai ya buɗe ido. Ƙwayar ta buɗe, ta dawo irin tasa. Ya ɗaga kai da ƙyar, ya nemi hannuna, ya lasa sau ɗaya, ya mayar da kai.

Mailafiya ya juya baya yana gyara hularsa, ya daɗe yana gyarawa.

"Ya tsallake," in ji likitar. "Ƙafafun bayan za su jima ba su yi ƙarfi ba. Wataƙila ba za su koma daidai ba. A kwantar da shi wuri mai tsabta. Kuma kada ya ƙara kusantar abin nan. In ya ci karo na biyu ba zai tashi ba."

*

Rana ta yi ja muka iso Mandawari. Na shiga da shi ta ƙofar kangon ta waje. An share wurin tas. An kwashe dunƙulen, an kankare ƙasar da yawu ya jiƙa, an zuba sabon yashi. A gefe an shimfiɗa tsohon bargo. Na gane shi, na Hashim ne, wanda Inna ta ninke a ƙasan adakarta tun rasuwarsa. Ga ruwa a kasko.

Na kwantar da Tsinke a kai. Ya shinshina bargon, ya sa hanci a cikinsa, ya yi ajiyar zuciya.

Mailafiya ya ce zai sha ruwa kafin ya wuce. Na shiga gida in ɗebo masa.

Inna tana bakin murhu. Ta ɗago, ta karanta fuskata, ta ce, "Alhamdulillahi." Sai ta mayar da ido kan wuta. "Ba zan ƙara kai shanya can ba. Wurinsa ne. Ka bar shi ya sake, ba sai da sarƙa ba."

A tsakar gida an kifa turmi. A kan turmin ga faifai mai jan baki, cike da sababbin dunƙule, jere-jere, ba su gama bushewa ba. Gobe 'yan talla za su zo. Tsakar gidanmu taku shida ce a tsaye, biyar a kwance. Nan ake girki, nan ake wanki, nan ake cin abinci.

Nusaiba tana tsaye a jikin turmin. Ta yi ɗage a kan yatsun ƙafa, hannu ɗaya ya kama bakin faifan.

"Kawu," ta ce, "ƙuli."

Ban san lokacin da na isa ba. Na fizge faifan sama. Ta tsorata, ta faɗi zaune, ta fashe da kuka. Na buɗe hannunta, na buɗe bakinta, na zura yatsa. Babu komai. Inna ta taso da muciya a hannu.

"Idona na kanta! Yanzun nan na juya, yanzun nan."

"Na sani, Inna."

"Tun azahar nake korar ta. Gwaggo ma tana tsaro, barci ne ya ɗauke ta."

Gwaggo tana ƙofar ɗakinta, kai a jingine da bango, carbi a cinya, baki a buɗe.

"Inna, a daina aikin nan."

"To," ta ce. Ta ɗauki Nusaiba ta saɓa a kafaɗa tana jijjigawa. "An daina. Gobe me zan ɗora a murhun?"

Ba gatse take yi ba. Tambaya ce, kuma ni ta yi wa. Ina da takardar sakandare a cikin leda a ƙarƙashin katifa.

Na tsaya da faifan a hannu. Na dubi soro, ya lotsa. Na dubi ɗakin Inna, can Nusaiba take kwana. Na dubi zaure, hanyar kowa ce. Na dubi madafa. Na sake zagayawa da ido, ko akwai inda na tsallake. Gidan bai ƙaru ba.

Na aza faifan a kaina, na fita.

Mailafiya yana zaune a kan babur yana jiran ruwa. Ya dubi faifan, ya dube ni.

"Yaya Mailafiya, wurin itacen naka akwai fili?"

"Akwai."

"Akwai inuwa?"

"Akwai rumfa." Ya dubi ƙofar kangon. "Maliki, Tsinke ba zai ƙara farauta ba, ka sani. Kwanciya kawai zai yi."

"Ya kwanta."

"Ka tabbata?"

Na nuna masa ƙofar da ido. Ya sauka, ya shiga kangon, ya naɗo Tsinke da bargon gaba ɗaya. Ya zaunar da shi a gabansa kan tanki, ya ɗaure da rawani a ƙugunsa. Tsinke ya leƙo kai daga cikin bargon yana nemana. Ban iya taɓa shi ba, hannuwana biyu suna riƙe da faifai.

"Ƙanzo yake so," na ce. "A jiƙa masa. Ba ya cin mai yaji."

"Na san shi tun kafin ka san shi."

Ya tayar da babur a hankali. Lungunmu gajere ne, nan da nan suka sha kwana.

Na shiga kangon. Na ajiye faifan a tsakiyar sabon yashin, inda rana take fara sauka da safe. Na zubar da ruwan kaskon. Na rufe ƙofar waje, na rufe ta cikin gida, na nemi abin da zan ɗaure sakatar da shi yadda ƙaramin hannu ba zai iya zarewa ba. Na samu igiya, na yi ƙulli uku.

A masallacin lungu ladan ya fara gyaran murya. Ta cikin katanga ina jin Nusaiba, kukan ya koma shessheƙa, har yanzu tana cewa a ba ta ƙuli.